Yarinyar da Ta Ƙi Hannuna

Ƴar uwar nan da ta rubuto min wancan makon tana cewa, "Malama, ke kam Allah ya zuba miki haƙuri," ki gyara zama. Ƙila kafin ki kai ƙarshen wannan ki janye maganarki. Na daɗe ina ba ku labarina ta inda na fi kyau, yau kuwa ta ɗaya ɓangaren zan juyo muku.

Ga wanda yau ne farkon shigowarsa, ni malama ce a ajin nazare na biyu, shekarata shida ina wannan aikin. Yara ashirin da huɗu ne a hannuna, ƴan shekara huɗu zuwa biyar. Mutane suna ɗauka baƙaƙe da ƙirga kawai muke koya musu. Ai wannan shi ne mai sauƙin. Babban aikin shi ne yaro ya iya jira har layi ya zo kansa, ya iya miƙa wa ɗan uwansa abin wasa ba tare da an yi dambe ba, ya ce "raina ya ɓaci" da bakinsa maimakon ya kai cizo, ya rabu da uwarsa a bakin ƙofa ba tare da ya tara mana jama'a ba. Tsakiyar kowane zango Madam, shugabar makarantarmu, takan raba mana fom. Layi takwas ne, kowane layi da akwati uku a gabansa: ya iya, yana kan hanya, bai fara ba. Ni ce nake koya wa sababbin malamai yadda ake cike shi. Ku riƙe wannan, don ku san ba jahilci ne ya sa na yi abin da na yi ba.

Sai kuma Dakta. Wata bakwai ke nan yana zuwa gidanmu zance wurina. Ba likita ba ne, shi da kansa yake faɗa, auna ido yake yi yana yanka gilashi a wani shago kusa da babban shataletale. Umma ce ta laƙa masa sunan ranar da ya gyara mata hannun tabarau ɗinta da ya karye, shi ke nan sunan ya bi shi. Dogo ne, ba ya son hayaniya, in zai yi magana sai ya fara cire nasa gilashin ya goge da gefen riga. Yayarsa ta rasu bara, ta bar yarinya ƴar shekara huɗu da rabi. Uban yarinyar direban babbar mota ne, sai a yi wata biyu ba a ga ƙeyarsa ba, don haka tana hannun Dakta da mahaifiyarsa. Mitsi suke ce mata, don ƙanƙantarta.

Tun zuwansa na uku ya gaya min a fili. "Duk inda zan zauna, da Mitsi zan zauna. Gara ki sani tun yanzu."

Na yi dariya har da gyara mayafi. "Haba Dakta, yara ai su ne sana'ata."

Allah ya yafe min wannan fankamar.

Farkon zangon nan ya kawo ta ajina. Ranar na sa atamfata mai ruwan ganye, na ɗaura ɗankwalina sama kaɗan, na tanadi sitika mai tauraro a aljihu. Na durƙusa a gabanta daidai tsayinta, yadda nake koya wa mutane, na miƙa mata hannu.

"Sannu ƴammata. Zo mu je ki ga kayan wasanmu."

Ta kalli hannun, ta kalle ni, ta mayar da nata hannun bayanta. Da kawun nata ya tafi ba ta yi kuka ba. Sai ta wuce can ƙarshen aji, ta shige ƙarƙashin teburin da muke ajiye fenti, ta naɗe ƙafa, ta rungume wani tsohon gyale na mahaifiyarta da take zuwa da shi a jaka.

Sati uku muna haka. Babu dabarar da ban yi ba. Na yi waƙa, na yi rawa, na kawo ƴartsana mai magana, na zauna a ƙasa har ƙafata ta yi tsami. Yaran da suka fi ta taurin kai na sha juya su cikin kwana huɗu. Ita kuwa ko tari ba ta yi in ina kusa. In Dakta ya zo ɗaukarta ƙarfe ɗaya ya ce, "Yaya dai yau?" sai in ce, "Muna kan hanya." Ƙarya nake, ko takalmi ba mu sa ba.

To, a nan Cingam ta shigo labarin. Ƴar Kawuna ce, ƙanin Umma. Shekararta ashirin da ɗaya, ta gama kwaleji ta dawo gidanmu da zama, ɗaki ɗaya muke kwana. Tun tana ƙarama bakinta ba ya rabuwa da cingam, shi ya sa sunan ya zauna mata. Ni da ƙafata na je ofishin Madam na roƙa aka ɗauke ta mataimakiya a ajina. Ni na ara mata jaka da takalmi ranar farko. Ba ta taɓa karanta ko shafi ɗaya a kan tarbiyyar yara ba.

Kwananta uku da farawa, ina tsakiyar karanta wa yara labari, sai na waiwaya ban ganta ba. Can na hango ƙafafunta sun leƙo daga ƙarƙashin teburin fenti. Ta kwanta ruf da ciki da doguwar rigarta a kan siminti, tana tauna, tana zana wani abu a takarda, ko kallon Mitsi ba ta yi. Minti ashirin suna ciki, babu mai cewa uffan.

Da aka tashi na ja ta gefe. "Ke, wannan wane irin shirme ne? A gaban yara?"

"Yaya, wurin akwai sanyi fa," ta ce, tana kakkaɓe riga. "Ni ma da nan zan riƙa zama."

Washegari da aka fita tara, sai ga Mitsi ta fito daga ƙarƙashin teburin da kanta, ta kama gefen rigar Cingam, suka fita tare. Sauran malamai har da tafi. Ni ma na tafa. Amma tafin nawa bai kai zuci ba.

Daga nan abubuwa suka fara tafiya, amma duk ta hannunta. In Cingam ta ce a shiga layi, Mitsi za ta shiga. In ta ce, "Ba ta jan fentin, ke ki riƙe shuɗi," za ta miƙa. In kuka ya taso mata, sai Cingam ta ce, "Shinshina fure, hura kyandir," su ja numfashi tare su sake. Ni fa na koya wa Cingam wannan! Amma in ni na faɗa, sai yarinyar nan ta juya min ƙeya kamar iska ce ta wuce.

Wata Alhamis Dakta ya zo ɗaukarta, ya same su a bakin ƙofa tana ɗaure mata igiyar takalmi. Na hango su ta taga ina haɗa littattafai. Ban ji abin da Cingam ta faɗa ba, sai dai na ga ya jefa kai baya yana dariya, irin wadda har haƙoransa na ciki sai da suka fito. Wata bakwai ban taɓa ciro masa irin wannan dariyar ba. Na ajiye littattafan na fito da sauri, har ina tuntuɓe da kujerar yara.

"Yawwa Malama," ya ce. "Dama ke nake jira. Don Allah ki ba ni lambar ƙanwarki, saboda Mitsi. Da safe takan ƙi sa kaya, na ce ko in ta ji muryarta za ta yarda."

Me zan ce? A gabana ya tambaya, bai ɓoye ba. Ni da bakina na karanto masa lambar, ɗaya bayan ɗaya, har da maimaitawa kar ya yi kuskure.

Tun daga ranar wayar Cingam ta zame min abin tsaro. Ɗakinmu ba wani babba ba ne, gado biyu, durowa ɗaya, madubi a tsakiya, soket ɗaya tal da muke rabawa. In ta sa caji, wayar takan kwanta daidai kusa da kaina. Ƙarfe shida da rabi na safe sai ta yi ƙara, in ga "Kawun Mitsi" ya hasko. Da yamma ma haka. Ita kuwa ta ɗauka tana murmushi, tana dannawa da babban yatsa, cingam yana ƙas ƙas. Ni in duba tawa wayar, in tarar da saƙonsa na kullum: "Barka da yamma. Ya gajiyar aiki?" Shi ke nan. Kamar wanda yake gaida shugabar ofis.

Ranar Asabar muna tsakar gida, ina guga, Umma tana tsince shinkafa, sai Cingam ta fito a guje ko ɗankwali babu.

"Yaya! Umma! Ku ji, ku ji!"

Ta danna wayar. Wata ƴar siririyar murya ta fito, a hankali kamar mai tsoron kar a ji ta. "Anti, na ci abinci. Na cinye duka."

Umma ta ajiye faranti tana cewa, "Allah sarki marainiyar Allah!" har da share ido. Ni kuwa na tsaya da dutsen guga a hannu. Sati bakwai yarinyar nan tana ajina, ranar na fara jin muryarta, kuma a cikin wayar wata. Sai da na ji ƙauri sannan na ga na ƙona hannun rigar Abba.

Kamar an aiko ta, da la'asar sai ga Gwaggo, yayar Abba. Duk wadda take da irin Gwaggona ta san ba ta zuwa hannu biyu, da magana take zuwa. Ta zauna a kujerar da ta fi kowace laushi, ta cire takalmi, aka kawo mata shayi.

"Ina maganar mai gilashin nan ta kwana? Wata nawa yanzu?"

Umma ta ce, "Bakwai, Yaya. Yana dai shiri."

"Shirin me? Jirgi yake ƙerawa?" Ta juyo kaina. "Ke kuma kina nan kina goge wa ƴaƴan mutane majina, shekara ashirin da takwas. Ƙannenki biyu na ɗakin Baffanku duk sun haihu."

Daidai nan Cingam ta wuce da bokitin wanki, tana waƙa ƙasa-ƙasa, ta sa wata riga ja da na ba ta don ta yi min kaɗan. Gwaggo ta bi ta da ido har ta shige. Sai ta rage murya, amma irin ragewar da kowa zai ji.

"Wannan ce aka ce yarinyar ta maƙale mata? Hmm. Namiji mai riƙon maraya ba fuska yake dubawa ba, wadda yaron ya yarda da ita yake dubawa. Ni dai na faɗa."

Umma ta ce, "Haba Yaya, ƴar gida ce fa."

"Ai ban ce ƴar waje ba ce."

Ta sha shayinta ta tafi, ta bar min maganar tana yawo a kaina kwana biyu.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, don ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba.

Ranar Litinin kafin a buga ƙararrawa na shiga ofishin Madam. Na zauna, na haɗa hannuwa a cinya, na sa muryar nan tawa ta ƙwararriya. Na ce ina da damuwa game da wata yarinya. Na ce Mitsi ta rataya a kan mutum ɗaya, kuma wannan ba ci gaba ba ne, don abin da muke so shi ne yaro ya saba da kowa, ya yi abokai cikin sa'anninsa. Na ce sauran yara ashirin da uku sun rasa mataimakiya. Madam tana gyaɗa kai. Duk abin da na faɗa akwai ƙanshin gaskiya a ciki, shi ya sa ya shiga. Sai na ƙara na ƙarshen.

"Kuma Madam, ba na son faɗa don ƙanwata ce, amma tana waya da iyayen yara a bayan makaranta. Safe da yamma."

Madam ta cire tabarau. Wannan dokar ba ta wasa da ita. Ban gaya mata ni na ba da lambar ba.

Kafin a fita tara an mayar da Cingam ajin nazare na ɗaya, can ɗaya ginin bayan filin wasa, aka turo min wata dattijuwa a madadinta. Cingam ta zo ɗaukar jakarta, ta ce, "Yaya, ko na yi wani laifi ne?" Na ce, "Canji ne kawai, haka Madam take yi." Ko ido ban ƙifta ba.

A raina cewa nake, yanzu fili ya zama nawa. In ba ta ga Cingam ba, dole ta zo wurina. Na sayo sabon littafin zane, na sa turare mai sanyi, har na gwada kwanciya a ƙarƙashin teburin nan, ni da girmana.

Mitsi ta tsaya a bakin ƙofa ranar tana kallon hanya har aka tashi. Talata ta koma ƙarƙashin teburi, da na leƙo sai ta juya fuska bango. Laraba wata yarinya ta taɓa gyalen nata, ta kafa mata haƙori a hannu har sai da shaida ta fito, uwar yarinyar ta zo tana faɗa a bakin ofis. Alhamis ta yi fitsari a zaune, abin da ba ta taɓa yi ba ko a satinta na farko. Da na zo canja mata kaya ta sandare kamar itace, ba kuka, ba motsi, idonta a kan rufi. Dattijuwar da aka kawo min ta ce, "Malama, yarinyar nan kamar an yi mata sabuwar mutuwa."

Na ji maganar har cikin ƙashina. Amma kun san me? Ban je wurin Madam ba. Na ce bari a ga gobe.

Kowace Juma'a da safe muna zama a da'ira a kan tabarma. Ina da katuna masu zanen fuska, mai murna, mai baƙin ciki, mai fushi, mai tsoro. Kowane yaro zai ɗauki wadda ta yi daidai da ransa, ya faɗi dalili in yana so. Wata ta ɗauki mai murna don an saya mata takalmi mai wuta. Wata ta ɗauki mai tsoro saboda karen maƙwabta. Muna cikin haka sai na ji motsi a bayana. Mitsi ce ta fito.

Ta tako har tsakiyar tabarma, ta tsuguna, ta ɗauki mai baƙin ciki ta riƙe a ƙirji. Na ce a raina, yau dai ta zo gare ni. Na buɗe baki zan yaba mata, sai ta sake miƙa hannu, ta ɗauki mai fushi, wadda girarta ta haɗe. Ta zo ta ɗora min a cinya.

"Wannan taki ce," ta ce. "In kina kallon Anti."

Kalma ta farko da ta taɓa gaya min ke nan a duniya.

Yara suka fashe da dariya, su a wurinsu wasa ne. Dattijuwar ta sunkuyar da kai tana gyara tabarma da ba ta karkace ba. Ni kuwa na ji kamar an kware min zane a kasuwa. Ashe duk murmushin da nake yi, duk tafin da nake yi, yarinya ƴar shekara huɗu da rabi tana ƙarƙashin teburi tana karanta fuskata.

Ranar ce kuma ranar miƙa fom. Bayan an tashi na zauna ni kaɗai a kan ƴar kujerar yara da takardarta a gabana. Jiran layi, sati biyu da suka wuce da "ta iya" zan sa, yanzu na sa "tana kan hanya". Kwantar da hankali in rai ya ɓaci, biro ya daɗe a sama kafin na sa "ba ta fara ba", alhali na san ta fara, ni na mayar da ita baya. Da na zo layi na shida, gane abin da wani yake ji, na sa "ta iya", sai hawaye ya ɗiga a kan takardar, tawada ta baje.

Na iso gida wajen ƙarfe huɗu. Na tarar da akwatin Cingam a buɗe a kan gado, tana ninke kaya. Takalmin da na ara mata da jakar suna kan nawa gadon, an goge su tas. Bakinta babu cingam.

"Ina za ki?"

"Gida. Na gaya wa Umma Babana yana nemana." Ba ta ɗago ba. "Madam ta kira ni yau ta ja min kunne a kan waya da iyayen yara. Na ce mata ai da izinin Yaya ne. Sai ta yi shiru tana kallona. A nan na gane."

Na zauna a bakin gado.

"Ban gaya wa Umma ba, kar ki damu," ta ce. Ta ɗauko wayarta ta cire makulli ta ajiye min a cinya. "Karanta. Tun daga farko. Na ga yadda kike kallonta kullum kamar za ta cije ki."

Na so in ce ba na buƙata. Amma yatsana ya riga bakina.

Babu komai a ciki sai Mitsi. Ta ƙi sa safa. Ta ci rabin burodi. Wace waƙa ce kuke yi ta wanke hannu, tana so in yi mata ban iya ba. Hoton zanen da ta yi. Na yi ta ja, ina neman abin da zai wanke ni, ko kalma ɗaya mai ɗan zaƙi, ban samu ba. Sai na iso wani saƙo na kwana goma da suka wuce.

"Ƙanwata, zan tambaye ki wani abu, ki rufa min asiri. Ina so in turo manyana wurin Abba ƙarshen watan nan. Abu ɗaya ne yake riƙe ni. Ke kina ajin, kina gani. Yayarki tana son Mitsi kuwa? Ba aikinta nake tambaya ba, na san ta iya aiki."

Amsar Cingam tana ƙasa, da irin rubutunta na gaggawa.

"Wallahi tana sonta. Sati uku tana zama a ƙasa saboda ita kafin in zo. Duk abin da nake yi ita ta koya min. Mitsi ce dai ba ta ba ta dama ba tukuna. Ka turo kawai, ba za ka samu kamar Yayata ba."

An tura wannan ranar Laraba. Ni kuma na shiga ofishin Madam Litinin ɗin da ta biyo baya.

Ban san lokacin da na zame daga gadon na durƙusa a gabanta ba. Na kama hannunta ina cewa ta yafe min, ta bari Litinin in je in gaya wa Madam komai da bakina. Ta zare hannun a hankali, ba da fushi ba, wanda ya fi fushin ciwo.

"Ni ba komai, Yaya. Ni babba ce. Ita fa? Kullum in an fita tara ina hango ta ta tagar ajinku tana leƙen filin wasa. An ce kar in zo."

Muna cikin haka sai ga Umma ta faɗo ɗakin ko sallama babu, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Ke, tashi! Dakta ne a waje. Yau ba ranar zuwansa ba ce, kuma ya gaida Abbanku sun daɗe a tsaye. Na ga takarda a hannunsa. Tashi ki wanke fuskar nan, me ya same ki? Sa mayafin nan mai ruwan zuma." Ta buɗe durowa da kanta, ta fesa min turarenta na fita unguwa, har tana gyara min ɗaurin ɗankwali kamar yarinya.

Na fita. Yana tsaye jikin motarsa, da kayan aiki, ko gida bai biya ba. Bai yi murmushi ba. Muka gaisa sama-sama. Ya miƙo min takardar. Ta neman canja wa yaro makaranta ce, da sunan Mitsi, Madam ta riga ta sa hannu, wurin malamar aji ne kawai ya rage.

"Kwana huɗu ba ta cin abinci sai an yi da gaske," ya ce. "Na je wurin Madam in roƙa a dawo mata da Antinta. Ta ce malamar aji ce ta nemi a raba su, don amfanin yarinyar." Ya cire gilashi, ya riƙe a hannu, bai goge ba. "Na ce mata ƙila ba ta fahimce ki ba ne. Shi ya sa na zo in ji daga bakinki."

Ƴan uwa, ƙofa ce ya buɗe min. Da na ce Madam ce ta juya maganar, da ya yarda, na gani a idonsa yana so ya yarda. Kalmomin ma sun riga sun jeru a bakina, irin na ƙwararru, masu santsi.

Na ce, "Ta fahimce ni. Ni na nema. Kuma ba don amfanin Mitsi ba ne. Kishi nake yi."

"Kishin wa?"

"Na ƙanwata. A kanka, da kuma a kan yarinyar. Ban ma san wanne ya fi ba."

Wani mai babur ya wuce, maƙwabciyarmu ta leƙo ta koma. Sai Dakta ya miƙo hannu ya karɓi takardar daga hannuna, ban sa hannu ba, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

"Na gode da ba ki yi min ƙarya ba," ya ce. "Litinin ba za ta zo ba. In kin gyara abin da kika ɓata, ki sa ƙanwarki ta gaya min."

"Kai fa?"

Ya buɗe ƙofar mota. "Ni ban sani ba tukuna."

Na tsaya har motar ta sha kwana. Da na juyo, Umma tana tsaye a bakin ƙofar falo, ta riƙe labule da hannu ɗaya, Abba yana bayanta yana yi kamar jarida yake karantawa.

"To?" ta ce, tana murmushi har kunne. "Yaushe ya ce za su zo?"